Maniyyaci a Rudun Albasa

Ga ta nan, ga ta nanku. To, ku amsa mani mana, ko a zuci ne, ku ce ta zo mu ji ta. Na san kuna nan kun dunƙule da waya a hannu, tuwo na hucewa gabanku.

Wannan ba ta gizo ba ce, tawa ce, ni Ruƙayyatu ta Wurno. Zamanin Nasara na mulki anka yi ta, ina budurwa, haƙorana cikakku, kitsona har kafaɗa. Kada ku auna da yadda nike yanzu.

Akwai wani yaro ɗan unguwarmu, Mainasara. Ya yi elementare, ya tahi Kano, Allah Ya ba shi aiki cikin jirgin sama na wani kamfani mai kai alhazai Jidda. Rabin Wurno sun ɗauka shi ke tuƙa jirgin, shi ko bai taɓa gyara musu ba. Ni kaɗai ya gaya ma gaskiya: shayi yake rabawa, ya ɗaure ma tsofaffi ɗamara, ya lallashi masu salati in jirgi ya yi girgiza. In ya zo hutu sai ya sa farar kwat mai maɓallan tagulla, da wando mai karin guga, da baƙin takalmi da yake gogewa da gefen hannun riga in ya ga ba mai kallo. Ni ina kallo.

Tsarabarsa ma daban ce. Alewa, da sukari mai ƙwaya-ƙwaya, sai wata jakar takarda mai hoton jirgi da ya zubo su ciki. Innata ta ga jakar nan ta ce ba ta taɓa ganin abu mai kyau irinta ba. Ta rataye ta saman jeren kwanukanta, tana ajiye turaren wuta ciki. Mata har daga wata unguwa suke zuwa kallo. Na lura duk sanda Mainasara ya shigo gaida Inna ya hangi jakar sai ya sunkuyar da kai, na ce kunya ce ta surukai.

Babana manomin albasa ne a fadama, mutum mai son girmansa, ko tuntuɓe ya yi sai ya waiwaya ya ga wa ya gani. Da magabatan Mainasara sunka zo neman aurena bai ƙi ba. Cewa ya yi, "Na ji. Amma bana na yi niyyar sauke farali, kuma a jirgin sama. In na dawo Makka a ɗaura."

Ranar tahiyarsa, jama'a, ba a taɓa ban kwana irin wannan ba. Anka yanka rago, anka yi sadakar masa. Kowa da saƙonsa: wannan a roƙa mai haihuwa, wancan a zo mai da zamzam. Baba ya tsaya ƙofar gida cikin sabuwar riga da rawani, ya kyautar da jakinsa ga Mode maƙwabcinmu. Sannan ya yi abin da ya fi ba kowa mamaki. Yana da ƙane, Baffa Sale, wanda sunka yi shekaru ba su ga-maciji saboda iyakar gona. Baba ya kama hannunsa gaban jama'a, ya ce, "Sale, hanyar ga ba a san mai dawowa ba. Kunyar gonar nan da muke ja, taka ce. Ka yahe mani."

Baffa Sale ya share ido da hula, amma ni da nike kusa na ji ya ce, "Kun dai shaida ko?"

Mota ta tashi, mata na guɗa. Munka koma gida muna jiran Alhaji.

Ba a yi kwana nawa ba sai ga Mainasara a Wurno, babu kwat, babu takalmi, da 'yar jamfa kamar kowa. A kasuwa ya zauna yana ba da labari: su masu hidimar cikin jirgi suna da ƙungiya, ƙungiya ta ce a ajiye aiki, shi ne ma mai magana da bakinta. Kamfani ya kore su daga ɗakunan da ya ba su, shi ya sa ya taho gida. Jirgi kuma, in ji shi yana buga ƙirji, ko kunkuru ya fi shi motsi yanzu.

Baffa Sale na wurin. Ya ce, "Jirgi bai tashi ba?"

"Ko taku ɗaya, Baffa."

"To ina yayana?"

Tambayar da ta hana Inna cin abinci ke nan. Kashegari sai ga saƙo daga Marnona, wurin Gwaggo Sabuwa, yayar Baba, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gida da gonar albasa. Wai ƙafarta na ciwo, a aiko mata Ruƙayya ta taya ta daka.

Na iske ƙafar Gwaggo lafiya lau, har tana korar akuya da ita. Ta dama hura ta miƙo mani ƙwarya.

"Kai ma rudu."

"Gwaggo, mi?"

"Ke kurma ce? Na ce ki kai ma rudu hura."

Ku 'yan birni, rudu wata doguwar rumfa ce ta kara da ciyawa da ake ɗagawa bisa itace, a jibge albasa ciki ta kai damina ba ta ruɓe ba. Na Gwaggo na bayan gida, kusa da wata bishiyar tsamiya. Na isa da ƙwarya, ina jin kaina kamar mahaukaciya, sai rudu ya yi gyaran murya.

"Ajiye nan. Kada ki yi kuwwa."

Na leƙa. Babana ne, kwance a ƙarshen rudu tsakanin albasa, da butarsa da buzunsa, sabon rawaninsa ya yi matashi da shi. Idanunsa jawur, ban sani ba ko albasa ce ko baƙin ciki.

Ashe sun yi ta zama a zangon alhazai a Kano, har akawun kamfani ya zo ya ce kowa ya koma gida, in an sasanta za a aika. Baba ya hau mota. Da ta iso Marnona, ya tuna ragon da anka ci, da jakin da ya kyautar, da haƙurin da ya ba Sale gaban jama'a. Sai ya rufe fuska ya sauka.

"In shiga Wurno in ce musu mi? Na dawo daga Kano? Mutumin da anka yi ma guɗa?"

"Baba, ai ba laifinka ba ne."

"Na san ko laifin wane ne." Ya ɗaga yatsa har ya taɓo ciyawar rufi. "Ki ji da kyau. Ranar Arfa ba ta jiran kowa. In jirgin ga bai tashi da ni bana ba, mai raba shayin ga ba shi ganin ko inuwarki. Na faɗa."

Ya ja ƙwarya ciki. Ni ko na koma na zauna bakin turmi ina kuka, Gwaggo na cewa in matsa kada in jiƙa mata gero.

Kwanakin nan na sha wuya. Safe da yamma ina kai ma rudu abinci. In Baba zai yi alwala sai Gwaggo ta tsaya bakin darni tana zagin kaji da ƙarfi don kada a ji motsin buta. Wata maƙwabciya ta ce ta ji rudu na tasbihi, Gwaggo ta ce albasar bana ce mai albarka. Wata sabuwa kuma, dillalin albasa ya zo saye, Gwaggo ta tsuga mai kuɗin da ya sa ya tahi yana waiwaye.

Sai na yi dabara, irin ta yarinya mai ganin ta fi kowa wayo. Na ce bari in kira Mainasara zance, in zaunar da shi gindin rudu, in lallashe shi ya ce zai koma aiki saboda Baba. Baba ya ji da kunnensa, zuciyarsa ta yi sanyi. Na aika da masu kai nono kasuwar Wurno. Na ci kwalliya: zanen saƙi mai ratsin ja, kallabin da ya kawo mani daga Kano, kwalli har ya so ya yi yawa. Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a inuwar rudu, ta zauna nesa kaɗan da kaɗinta.

Bayan la'asar sai ga shi bisa keken aro.

"Ranki shi daɗe, gimbiyar Marnona. Wane irin wuri ne wannan kika zaɓa muna? Warin albasa har cikin ƙwaƙwalwa."

"Nan ne da iska. Mainasara, Baba nike tunani."

"Haba, kwantar da hankalinki. Baba na can Kano yana cin tsire, yana ba mutane labarin albasa. Kin san shi, in ya samu masu saurare ko Makka sai ta jira."

Wata ƙatuwar albasa ta faɗo daga rudu, ta same shi tsakar ka.

"Kai! Mi ne ne haka?"

Gwaggo ba ta ko ɗago ba. "Ɓera ne, ɗan nan. Wani tsohon ɓera gare ni mai zuciya."

Na yi maza na ce, "Don Allah ka koma aiki. Ko sau ɗaya, ka kai su Baba ka dawo, sai ku ci gaba da rigimarku."

Ya buɗe baki zai amsa, sai munka ji ƙugin mota. Ƙaramar mota baƙa, duk ta yi kaca-kaca da laka, yara na bin ta a guje. Ta tsaya bakin darni. Wani mutum ya fito da kwat da jar dara, yana taka ƙasa kamar za ta ɓata mai takalmi. Wannan shi ne Malam Zayyanu, babban akawun kamfani. Ta ɗaya ƙofar kuma wa zai fito? Baffa Sale, yana washe baki, shi ya yi mai jagora daga Wurno don dai ya ɗana mota.

Rudu ya yi tsit, ko kara bai motsa ba.

Bayan gaisuwa Malam Zayyanu ya ƙi tabarma, ya tsaya.

"Mainasara, manaja ya aiko ni. Kai yaro ne mai hankali. Ka biyo ni yau, an naɗa ka shugaban masu hidima duka, da sabuwar kwat mai igiya a kafaɗa. In ka koma, sauran za su biyo ka. Jibi jirgi ya tashi." Ya dube ni ya yi murmushi. "An ce mani ma surukinka na cikin masu jira. Ka ga ka huta, ka hutar."

Wallahi a zuciyata cewa nike, ka ce to, ka ce to, ɗan albarka. Har na taka mai ƙafa.

Mainasara ya janye ƙafarsa.

"Malam, abin da munka roƙa fa?"

"Wannan sai an duba. Ba a taɓa yi ba."

Baffa Sale ya sa baki. "Wai mi kuka roƙa ne haka, kunka tsai da mutane? Ƙarin sukari?"

"Baffa, ba kwat muke nema ba." Muryarsa ta sauya, ban taɓa jin ta haka ba. "Tun da na kama aikin ga nike kai alhazai Jidda. Ni ke riƙe hannun tsoho in saukar da shi. Ni ke gyara mai harami in ya kwance. Sai in tsaya bayan shingen waya ina kallo, su hau mota suna Labbaika, su nufi Makka. Tahiyar da ba ta kai ta rabin yini ba. Mu ko a ce mu share jirgi mu juyo. Cikinmu akwai dattijo, furfura ta cika mai kai, ya ga hanyar Makka har ya san duwatsunta, bai taɓa ganin Ka'aba ba. Abin da munka ce, jirgin ƙarshe na kowace shekara a bar mutum biyu cikinmu su sauka su yi hajji, bi da bi. Shi ke nan. In na karɓi igiya a kafaɗa, in dubi tsohon nan in ce mai mi?"

Ya juyo wurina. "Ruƙayya, ki yi haƙuri. Ko Baba ne tsaye nan, haka zan ce."

Mazarin Gwaggo ma ya tsaya. Ni dai na ce shi ke nan, aure ya tahi.

Sai rudu ya fara motsi. Albasa ta dinga gangarowa. Ƙafa ɗaya ta fito, sannan buta, sannan Babana gaba ɗaya, ɓawon albasa a gemu, ciyawa a kunne. Ya tsaya ya naɗa rawaninsa a natse kamar a ƙofar masallacin Juma'a.

Mainasara ya zube ƙasa. Ina jin ya tuna tsire.

Baffa Sale ya riƙe ciki. "Alhaji! Barka da sauka! Ashe an matso da Makka Marnona ba mu ji ba? Ina zamzam ɗina?"

"Ban sauka ba, Sale. Ka gan ni cikin Wurno? Matafiyi ne ni, zango na yada." Ya kakkaɓe riga. "Kuma ka rage dariya, zancen kunyar gonar nan, ban mutu ba tukun."

Ya dubi Mainasara da ke durƙushe.

"Kai. Da gaske ba ka taɓa shiga ba?"

"Ko sau ɗaya, Baba."

"Kana ganin hanyar?"

"Ina ganin ta."

Baba da ya yi kwanaki kwance cikin albasa don an tsai da shi a Kano, ina jin lissahin wanda anka tsayar a bakin ƙofa yake yi. Sai ya ɗauki buzu da buta, ya wuce gaban Malam Zayyanu, ya buɗe mota, ya shige gidan gaba ya zauna.

"Malam, lahiya? Wannan motar kamfani ce."

"Ita nike nema. Ni na yi ban kwana da gidana, an ci ragona, jakina na hannun wani. Wanda ya yi ban kwana ba shi da gida sai na wanda ya ce zai kai shi. Ku kunka ce za ku kai ni. Manajan ga naku, gidansa na da inuwa?"

"Ai ba a zuwa gidan manaja haka nan!"

"Baƙo ba shi aikawa. Kuma ba ni ɗaya ba ne. Mota guda munka dawo. Akwai mutumin Rabah, yana Maikujera cikin rumbun ƙanwarsa. Akwai limami guda daga Goronyo, yana Rara, an ce ma mutane baƙon mai ciwon ido ne. Duk ba mai iya shiga garinsu. Mu bi mu kwashe su. Kai mai shayi, shigo baya, kai ka san hanya."

Malam Zayyanu ya roƙa, ya yi fushi, ya ambaci ɗan sanda. Baba ya fiddo tasbaha. Da akawu ya matso kusa don ya ja hannunsa, warin da ya buso daga rigar Baba ya mai da shi baya taku biyu. Ƙarshe dai haka mota ta tashi, gilasai duka a sauke, Baffa Sale ya koma Wurno bisa keken aro yana tsaki.

Sauran labarin daga bakinsu na ji, don haka in an ƙara gishiri ba ni ba ce. Wai labari ya bazu, maniyyatan da sunka ɓuya cikin dangi sunka yi ta fitowa. Sunka sauka kan korayen ciyawar gidan manaja da tabarmi da tukwane. Ba zagi, ba hayaniya, kullum sai sun aika a gaida mai masauki a tambayi kwanan iyali. Limamin Goronyo ya riƙa kiran assalatu daidai tagar ɗakin barci. Anka shanya harami bisa furannin uwargida, anka kaɗa miyar daddawa iska na kaiwa ciki. Manaja ya fito ya ce su tahi zango, Baba ya sa a gaya mai ai ba a ƙin mai masauki a koma wani wuri, abin kunya ne gare shi. Ɗan sandan da anka kira ya tarar da kawunsa cikin baƙin, ya zauna anka zuba mai tuwo.

Ba a yi nisa ba manaja ya kira 'yan ƙungiya, anka zauna, anka amince: mutum biyu kowace shekara. Jirgi ya tashi saura ƙiris a rufe hanya. Shekarar farko ƙungiya ta ba dattijon nan mai furfura gurbi ɗaya. Gurbi na biyun anka yi ƙuri'a, ba ta faɗa kan Mainasara ba. Ya kai Baba har bakin shingen waya, ya gyara mai harami, ya juyo ya share jirgi.

Da na ji haka na yi kuka, amma Baba ya ce wurin nan ne ya tabbata ya yi suruki.

Ranar da Alhaji na gaskiya ya shigo Wurno, gari ya fashe da guɗa. Ya shiga gida, Inna ta durƙusa tana barka da sauka. Bai ko zauna ba, ya miƙa hannu saman jeren kwanuka ya ciro jakar takardar nan mai hoton jirgi, ya zazzage turaren, ya ce a sa ta a murhu.

"Alhaji, adon ɗakina?"

"Mairo, na hau jirgi. Na san abin da ake yi da ita. Biyu na cika da amai kahin Jidda."

Inna ta yi mako ba ta amsa gaisuwar Mainasara ba.

Bayan sallah da 'yan makonni anka ɗaura muna aure. Baba ya rayu har ya ga jikokinsa, ana ce mai Alhaji Rudu a bayan idonsa, bai kuma sake cin ɗanyar albasa ba. Baffa Sale ya riƙe kunyar gona, Mode ya riƙe jaki. Gwaggo Sabuwa ta sai da albasarta da tsada, don mutane sun ce maniyyaci ya kwana cikinta. Malam Zayyanu, an ce, ya sa an wanke motar nan har ya gaji. Shi ko mai shayina sai a shekara ta huɗu layi ya zo kansa, ya wuce shingen waya da ƙafarsa, ya dawo mani da zobe da dabino. Ya yi aikin jirgi har gwiwa ta gaza, ya dawo Wurno ya mutu a ɗakina, Allah Ya jiƙansa.

Tun ranar da anka ɗaura, bakina bai sake kiran sunansa ba sai yau, saboda ku. Ƙurungus, ku ci tuwonku.